Sana'ar da Ba a Yin Ta Daga Nesa: Mata Masu Fim da Yaran Gudun Hijira

Dala 2,000 Rokhsareh Ghaem Maghami ta biya, kuma har yau masu harkar fim ba su gama gardama a kan waɗannan kuɗi ba. Darakta ce 'yar ƙasar Iran, aikinta fim ɗin gaskiya, wato irin wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, sai dai a bi mutum da kyamara har rayuwarsa ta ba da labari da kanta. Wadda ta bi ita ce Sonita Alizadeh, yarinya 'yar Herat ta Afganistan da danginta suka tsere da ita zuwa Iran a zamanin Taliban. A Tehran ta tashi, ba takardar haihuwa, ba takardar zama, tana share-share a wata cibiyar kula da yara 'yan gudun hijira, tana kuma rubuta waƙoƙin rap, a ƙasar da doka ta hana mace rera waƙa ita kaɗai a bainar jama'a.

Ana cikin ɗaukar fim sai ga mahaifiyar Sonita ta iso daga Afganistan da magana ɗaya: an samu mai aure, zai ba da dala 9,000. Kada mai karatu ya ɗauka sadaki ne irin wanda shari'a ta mallaka wa amarya. Kuɗi ne da za su shiga hannun dangi, a haɗa a yi wa yayanta aure da su. Yarinyar ta juyo ta dubi mai kyamara ta tambaye ta ko ita ba za ta saye ta ba, tunda dai sayar da ita za a yi.

A nan sana'ar ta zo inda take da wuya. Ƙa'idar da ake koya wa mai fim ɗin gaskiya ita ce ya tsaya gefe, kada ya sa hannu a abin da yake ɗauka, domin da zarar ya taɓa, ya zama shi ke ƙera labarin. Rokhsareh ta san wannan sarai, ta ma fara da faɗa wa yarinyar haka. Daga baya ta ba uwar dala 2,000 don a ɗaga maganar na wata shida. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye ba. Ta bar gardamar da aka yi da abokan aikinta a cikin fim, ta bar kanta ta fito a hoto, mai kallo ya ga hannun da ya miƙa kuɗin. A cikin waɗannan watanni suka yi bidiyon waƙar Sonita a kan sayar da amare, ya bazu a intanet, wata makaranta a jihar Utah ta Amurka ta ba ta gurbin karatu kyauta, daraktar kuma ta raka ta har Kabul neman fasfo. Fim ɗin, mai suna Sonita, ya ci kyauta biyu a bikin Sundance na 2016, ta alƙalai da ta 'yan kallo. Masu suka na cewa ta sayi ƙarshen fim ɗinta da kuɗi. Ni dai ban ga yadda mace mai hankali za ta tsaya tana saita haske ana cinikin yarinya a gabanta ba.

Galibin aikin nan ba shi da armashi. Jira ne. Shekara uku Rokhsareh ta yi tana bin Sonita. Yaron da ya tsallake iyaka ya saba da tambayoyin 'yan sanda da jami'an agaji, ya iya ba da amsar da ake so a ji, don haka duk abin da ya faɗa a makon farko ba shi da amfani ga mai fim. Sai ya gaji da kyamarar, ya manta da ita. Akwai kuma maganar ƙofa. A gidajen Afganawa da na Larabawa da dama, kamar dai namu, akwai inda namiji baƙo ba ya wucewa, kuma can ciki ne uwa da 'ya suke maganar aure, can ake kuka. Mace mai kyamara tana shiga ta zauna a kan tabarma. Wannan ba ƙaramin jari ba ne a sana'ar, ko da yake wadda aka buɗe wa ɗaki ta ɗauki nauyin da wanda aka tsayar a zaure bai ɗauka ba.

Nadine Labaki ta Labanon wata hanya ta bi. An haife ta a 1974, shekara guda kafin yaƙin basasar ƙasar ya ɓarke, ta yi ƙuruciyarta cikinsa har 1990. Fim ɗinta Capernaum na 2018 ƙagaggen labari ne, na yaron da ya kai iyayensa kotu saboda sun haife shi, amma kusan duk waɗanda suka fito ciki ba 'yan wasa ba ne. Jarumin, Zain Al Rafeea, ɗan Dara'a ne ta Siriya, danginsa sun gudo Bairut a 2012, an tsinto shi a unguwa yana ɗan shekara 12, bai iya karatu da rubutu ba. To yaya za a ba wanda ba ya karatu takarda ya haddace? Ba a ba shi. Ana bayyana masa halin da ake ciki a fitowar, a bar shi ya yi magana da bakinsa, kyamara na ta juyawa. Shi ya sa aka shafe wata shida ana ɗauka, aka tara hoto na sama da awa 500, tacewar farko ta fito awa 12 kafin a rage ta zuwa awa biyu da 'yan mintuna. Duk wanda ya taɓa zama kusa da edita ya san azabar da ke cikin wannan lissafi. Mijinta Khaled Mouzanar, wanda shi ne furodusa kuma mai kiɗan fim ɗin, sai da ya jinginar da gidansu.

Rayuwa kuma ta riƙa kutsowa cikin lokeshin. Yordanos Shiferaw, wadda ta fito a matsayin baƙuwa marar takardu da aka kama, kama ta aka yi da gaske ana tsakiyar aiki, a kan rashin takardun. Jaririn da Zain yake ja a titi cikin tukunya, a zahiri mace ce mai suna Treasure, mahaifinta ɗan Nijeriya, mahaifiyarta 'yar Kenya, su ma aka tsare su, ma'aikatan fim suka riƙe yarinyar har aka sako iyayen. Rabin aikin darakta a irin wannan fim a ofisoshin shige da fice yake ƙarewa.

Ba kowace ce ke shigowa daga waje ba. Waad al-Kateab ɗalibar jami'a ce a Halab ta Siriya lokacin da aka fara zanga-zangar 2011, ta ɗauki hoto shekara biyar, mafi yawa a asibitin da mijinta likita yake aiki, ta haifi 'yarta Sama ana ruwan bama-bamai, suka fita daga birnin a Disambar 2016. Fim ɗinta For Sama, wanda ta haɗa da Edward Watts a 2019, ya ci kyautar BAFTA. Ita kam ba ta bukatar wani ya ba ta labarin hijira, shi ya sa da ta zauna a Landan ta juya kyamararta kan matasa 'yan gudun hijira da suka je wasannin Olamfik na Tokyo. Sally El Hosaini kuwa, wadda aka haifa a Wales ta tashi a Alƙahira, ta ce 'yan'uwan nan biyu, Yusra da Sara Mardini, sun tuna mata da nata 'yanmatancin. Su ne 'yan ninkayar Dimashƙa da suka faɗa teku a 2015 lokacin da injin kwalekwalensu ya mutu tsakanin Turkiyya da tsibirin Lesbos na Girka, mutum 20 a ciki, suka yi sama da awa uku a ruwa. Fim ɗin da Sally ta yi a kansu, The Swimmers, ya fito a Netflix a 2022. Amma kusanci ba ya wanke kowa daga suka: Manal Issa, 'yar Labanon da ta fito a matsayin Sara, ta fito fili ta koka da yawan Turancin fim ɗin da rashin ba Siriyawa manyan matsayi, kuma ina ganin tana da hujja.

Saura maganar wa ya ci riba. Capernaum ya samu kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa, ya shiga takarar Oska, ya tara sama da dala miliyan 60, mafi yawa daga ƙasar Sin. A 2018 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake wa Zain da iyayensa matsuguni a Norwe, inda ya shiga makaranta. Sonita ta yi digiri a kwalejin Bard ta Amurka. Yusra ta yi ninkaya a Olamfik na Rio a 2016. Sara, da ta koma Lesbos taimakon masu isowa ta ruwa, hukumomin Girka sun tsare ta sama da kwana 100 a 2018. Ita kuma Treasure, a shekarar da ake tafa wa fim ɗin a Kan, an riga an fitar da ita daga Labanon: ita da uwarta aka tura su Kenya, uban aka mayar da shi Nijeriya.