Daga Varane zuwa filayen Maiha: raunin kai da ba ya fitar da jini

Ranar 30 ga Yunin 2014 Super Eagles suka kara da Faransa a Brasilia, a zagaye na biyu na Gasar Kofin Duniya. Abin da 'yan Najeriya suke tunawa shi ne ci biyu da nema da aka yi musu. Sai bayan kusan shekara goma, a Afrilun 2024, Raphael Varane, mai tsaron bayan Faransa, ya shaida wa jaridar L'Equipe cewa ƙwallo ta buge shi a gefen kai a wannan wasan, ya kuma ƙarasa shi ba a cikin cikakken hayyacinsa ba. Kwana huɗu bayan haka aka sake sa shi a karawa da Jamus, inda Mats Hummels ya rinjaye shi a sama ya ci ƙwallon da ta fitar da Faransa. A hirar ya ce ya hana ɗansa mai shekara bakwai sa wa ƙwallo kai. A Satumbar 2024 ya jingine takalmansa yana da shekara 31. Gwiwa ce ta tsayar da shi daga ƙarshe, amma maganar kan ita ce ta fi tayar da ƙura.

Akwai waɗanda kan ne kai tsaye ya raba su da fili. Ryan Mason na Hull City ya daina wasa a 2018 yana da shekara 26, bayan ƙoƙon kansa ya fashe a karon da ya yi da Gary Cahill na Chelsea. Kevin Doyle na Ireland ya bari a 2017 bisa shawarar likitoci, saboda ciwon kai da yake addabarsa duk lokacin da ya sa wa ƙwallo kai. A Amurka kuwa, inda ake buga wata irin ƙwallon ta gwabza jiki, Chris Borland na San Francisco 49ers ya ajiye wasa a 2015 yana da shekara 24, bayan kaka ɗaya tak, lafiyarsa ƙalau, don gudun abin da tsufa zai zo masa da shi.

Tsoron nan yana da tushe, kuma ɗan Najeriya ne ya fara tono shi. A 2002 Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin Anambra, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers, ya gano lalacewar da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai. Ya wallafa sakamakon a 2005, hukumar wasan ta Amurka ta yi masa ca, daga baya ta sauko. A 2019 masu bincike a Jami'ar Glasgow, ƙarƙashin Dakta Willie Stewart, suka bi bayanan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland 7,676, suka ga haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Binciken da ya biyo baya a 2021 ya nuna masu tsaron baya, waɗanda suka fi kowa sa kai, su ne kan gaba, masu tsaron raga kuwa ba su bambanta da kowa sosai ba.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, sai ta girgiza ta daki bango. Ba lallai a suma ba, ba lallai jini ya fita ba. Jiri, amai, ganin abu bibbiyu, manta yadda aka fara wasa, duk alamu ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da FIFA sun yi gargaɗi a 2024 cewa suna iya ɗaukar sa'a 72 kafin su bayyana. Mafi muni shi ne bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke.

Mason da Doyle da Varane likitoci sun duba su, kuma suna da abin komawa bayan ƙwallo. Haka Victor Osimhen, wanda aka yi wa aiki a fuska bayan karonsa da Milan Skriniar a Nuwambar 2021, har takunkuminsa ya zama abin kwaikwayon yara. A Italiya abin ya same shi, asibiti na kusa. Yaron da ke kwaikwayonsa a Maiha ba haka nasa yake ba.

Ƙaramar hukuma ce a kan iyakar Kamaru, kudu da Mubi, kuma daga Maiha Gari zuwa Pakka da Sorau da Belel, filin makaranta shi ne filin ƙwallo. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe, wanda ya faɗo da ƙeya ya san ya faɗi. Idan kawuna biyu suka haɗu a sama, maganin da aka sani shi ne a kwara wa yaro ruwan leda a ka, a ce tashi mana, kai fa namiji ne. Shi ma ba ya son fita, domin ko an ce wani mai neman 'yan wasa ya zo daga Yola, ko kuma kofin saura wasa ɗaya. Idan abin ya yi tsanani sai a nufi Mubi, daga can kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, tafiyar sa'o'i. Irin wannan yaro ba ya kiran 'yan jarida ya sanar da ritaya. Daina zuwa fili kawai yake yi. In daga baya aka ga yana yawan mantuwa ko saurin fushi, iska ko sammu ko ƙwaya ake ɗora wa laifi.

Ko a babbar gasar ƙasa ma, ba a manta da Chineme Martins na Nasarawa United ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya a Maris 2020 suna wasa da Katsina United, aka ba da rahoton motar asibitin filin ta ƙi tashi. Lamarin ya nuna inda kulawar bakin fili ta tsaya.

Abin mamaki, yawancin matakan da wasu ƙasashe suka ɗauka ba sa cin ko sisi. Amurka ta hana yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa kai tun 2015. Ingila ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara a kakar 2024, kuma ƙa'idar Birtaniya ta 2023 ta ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza kada ya koma gasa kafin kwana 21. Hukumar dokokin ƙwallo ta duniya, IFAB, ta amince daga Yulin 2024 a ƙara canji na musamman saboda bugun kai, ga duk gasar da ta so.

Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2024 da kuma NFF su ne masu ikon mayar da wannan doka. Sai dai gasar ƙauye ba daga can take samun umarni ba. Kofin ɗan majalisa, kofin shugaban ƙaramar hukuma, kofin ƙungiyar 'yan gari mazauna Abuja, sau da yawa a teburin wani hadimi ake tsara takardarsu, a lissafa riguna da ƙwallaye da kuɗin zakara. A wannan takardar ce za a iya rubuta cewa ma'aikacin lafiya zai zauna a bakin fili, alƙalin wasa yana da ikon fitar da duk wanda kansa ya bugu ba tare da ƙungiyarsa ta rasa canji ba, kuma yaron da aka fitar ranar Asabar ba zai buga wasan ƙarshe ranar Lahadi ba, ko da kocinsa ya kai ƙara gidan hakimi.