Gauraka Na Neman Ƙarewa A Fadamun Arewa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ko Nguru shekaru hamsin da suka wuce, ba sai an kwatanta masa gauraka ba. Tsuntsu ne mai tsawon kimanin mita ɗaya, baƙin jiki, farin fiffike, da tukku ruwan zinariya a bisa kansa. Saboda wannan kwarjini ne ake ɗaukarsa a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Amma a yau sai mutum ya shekara yana zaga fadamun nan bai yi arba da ko guda ba.

Gauraka ba ya rabuwa da fadama. Da damina yakan tattake ciyawa a cikin ruwa marar zurfi ya yi sheƙa, macen ta saka ƙwai biyu zuwa biyar. Ita da namijin suke karɓa-karɓar kwanci har kimanin wata guda. Abincinsa 'ya'yan ciyawa ne da fara da sauran ƙwari. Da dare kuwa kan itace yake kwana, domin yana da doguwar yatsa ta baya wadda yake kama reshe da ita.

Masana sun ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1970 akwai gauraki fiye da 15,000 a ƙasar nan. Kafin 1996 sai 'yan ƙalilan suka rage. Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka janye Tafkin Chadi. Na biyu, madatsar ruwan Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda suka rage ambaliyar da kan cika fadamun Haɗeja da Nguru. In ruwa bai kwanta ba, ƙafar mutum da ta shanu sukan kai ga sheƙa. Na uku kuwa shi ne kamu. Mafarauta kan kwashe 'yan tsaki su sayar wa masu hali don ƙawata gida, alhali gaurakan da aka tsare da wuya ya hayayyafa.

Ba a zauna haka nan ba. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta ɗaure cinikin namun daji masu neman ƙarewa. An kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi a 1991, sa'an nan a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Har yanzu akwai garkunan gauraki a Waza ta ƙasar Kamaru da Zakuma ta ƙasar Chadi, ba su kuwa san kan iyaka ba.

Saboda haka ya kamata hukumomin ruwa su riƙa sakin ruwan madatsu daidai da lokacin ambaliya, ma'aikatan gandun daji kuma su sa ido a kasuwannin tsuntsaye. Ruwan da zai komo da gauraka shi ne dai zai rayar da masunci da makiyayi da mai noman shinkafa.