Yashi, sifirin da tokarin aksil: abin da ke cin a-kori-kura a hanyoyin ƙauye

Ranar Lahadi da hantsi, wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura, daidai kasuwar Dambatta, zai ga a-kori-kura suna ɓullowa daga burtalai ɗaya bayan ɗaya, gindi a ƙasa, hanci a sama. Wata ta ɗauko gero da wake daga wajen Makoɗa, wata awaki, wata buhunan gyaɗa da mutane zaune a kansu. Kafin kowacce ta hau kwalta sai ta ratsa yashi. A nan ne direba zai taka totur, bayan motar ya kama ɓari, tayoyi su dinga dukan ƙasa dam-dam-dam kamar ana sussuka. Yaron mota ya diro ya sa kafaɗa, fasinja su yi salati. In an fita lafiya, sai a ce sifirin ya yi laushi, a ƙara mata falle biyu.

Sau da yawa ba nauyi ne ya kawo wannan tsalle ba. Wata cuta ce daban, kuma tana da nata magani.

Ƙasar nan ta arewacin Kano jigawa ce, kuma babu inda aka bar ta ta huta. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Ya nuna yadda gona ke manne da gona, ana nomawa kowace damina, jakuna suna fitar da taki daga birni, suna komawa da itace da hatsi. Hanyoyin da ke tsakanin gonakin nan jaki da shanu suka fitar da su. Yau mota ce ke bin su, ita ce ke kai amfanin gona kasuwar Bichi da ta Dawanau, da rani kuma ta kwaso tumatir da albasa daga bakin madatsun ruwa na Tomas da Watari. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurar 404 da 504 suka zama jakunan zamani, sannan Toyota Hilux da 'yan uwanta suka biyo baya.

Dukkansu a baya sifirin falle-falle gare su. Tsohuwar dabara ce, tun zamanin keken doki: a 1804 wani maƙerin kekuna a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irin nasa. Abin da ya sa har yau ba a rabu da shi ba, shi kaɗai yake aikin mutum uku. Shi ke ɗauke da kaya. Shi ke riƙe aksil a mazauninsa, kada ya zame gaba ko gefe. Shi ne kuma ke hana aksil ɗin juyawa. Aiki na ukun nan shi ne ba a cika lura da shi ba.

A dubi ɗan acaɓa in ya saki kuloci da ƙarfi: tayar baya ta juya gaba, gaban babur ya ɗaga sama. Duk ƙarfin da ya murɗa taya gaba, irinsa ne ke murɗa abin da ke riƙe da ita baya. A mota, abin da ke riƙe da taya shi ne bututun aksil, shi kuwa ɗaure yake a tsakiyar sifirin. Ƙarfin kuma ba kaɗan ba ne. Giya ta ɗaya tana ninka murɗin inji wajen sau 4, haƙoran cikin aksil su sake ninka shi wajen sau 4, ya zama kusan sau 16 kafin ya isa taya. Sai hancin aksil, inda farfela ke haɗuwa da shi, ya ɗago sama, sifirin da ya kamata ya tsaya kamar baka ya lanƙwashe kamar maciji, gabansa ya tasa, bayansa ya dusa. Da tayar ta zame a yashi, sai sifirin ya ƙwace ya koma daidai da ƙarfi, tayar ta bugi ƙasa, ta sake kamawa, ya sake murɗewa. Haka zai yi ta yi sau da dama cikin daƙiƙa guda. Wannan shi ne sussukar da ake ji.

Ɓarnarsa a hankali take zuwa. Kuros ɗin farfela an yi shi ne ya yi aiki a 'yar karkata kaɗan. In hancin aksil yana ɗagawa yana sauka, sai ya cinye kafin lokacinsa, wata rana ya tsinke a tsakiyar daji. Yubol ɗin da suka ɗaure aksil su saki, ƙusar tsakiyar sifirin ta gutsure, aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Uwar sifirin ta tsage kusa da mazaunin aksil. Shokozoba kuwa ya zubar da mansa. Direba zai yi ta zarya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa yana sayen kuros, yana zargin kayan yanzu ba su da ƙarko, alhali sabon da ya sa ma ciwon da ya kashe tsohon ne zai kashe shi.

Ba na raina ƙarin falle. Makanikanmu ba su yi shi a banza ba: sifirin da ya yi kauri ya fi wuyar murɗewa, kuma yana ɗaga gindin mota. Sai dai yana da nasa kuɗin. Motar da aka yi wa ƙari in ba kaya sai ta zama kamar dutse, kowane rami ya tafi kai-tsaye cikin shasi, har ya fara tsagewa wajen maratayin sifirin. Abin da ya fi muni shi ne cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksil don mota ta yi tsayi. Wannan tazarar da aka ƙara daidai take da sa wa sifana bututu: aksil ya sami dogon hannun da zai murɗe sifirin da shi. Falle da ya karye kuma a kai wa mai walda, ko a gasa shi a wuta a ƙara masa lanƙwasa, wannan kashe shi ne. Ƙarfen sifirin horonsa a cikin zafi aka ba shi, zafi kuma ke zare shi.

A Amurka, masu tseren mota da masu manyan a-kori-kurar dizal da ke jan tirela sun daɗe da raba aikin biyu. Sun bar wa sifirin ɗaukar kaya, murɗi kuma suka ba wata sandar ƙarfe, wadda ni nake kira tokarin aksil. Ƙarshenta ɗaya a jikin bututun aksil, ɗayan ta miƙe gaba ta kama shasi. In aksil ya nemi juyawa, sai ya tarar da ita ta tokare. Injiniyoyin Peugeot ma sun san matsalar: 404 ƙarama, ta fasinja, farfelarta a cikin bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe da aksil, shi yake shanye murɗin.

Ba wani abu a tokarin nan da mai walda na Bichi ko Dambatta ba zai iya ƙerawa ba, kuma wannan ne ke faranta mini rai, shi ne kuma ke ba ni tsoro. Aksil ba a tsaye yake wuri guda ba. Yayin da sifirin ke dusawa yana miƙewa, aksil yana hawa yana sauka, yana kuma ɗan matsawa baya da gaba. Sandar da aka kafe ta ƙam a ƙarshe biyu za ta yi faɗa da sifirin, kuma dole ɗaya ya karye, ko ita, ko shasi. Saboda haka, in sanda guda ce, sai ta kasance da ido mai roba a kowane ƙarshe, ta bi layin rabin sifirin na gaba, su riƙa lilo tare. In kuwa mai ƙafa biyu ce, wadda ta kama aksil sama da ƙasa ta haɗe a gaba, to gabanta sai an rataye shi a ɗan lilo irin na bayan sifirin, ya bar aksil ya matsa amma ya hana shi juyawa. Doguwa ta fi gajera zaman lafiya. Bututun ya zama mai kaurin jiki, ba fayif ɗin ruwa ba. Waldar jikin aksil a yi ta kaɗan-kaɗan, ana bari tana hucewa, don zafi yana karkatar da bututun, in ya karkace kuwa boris ba zai ƙara daɗewa ba. A jikin shasi gara a ɗaura faranti da noti a gefensa, a ƙyale leɓensa na sama da na ƙasa, nan ne ƙarfinsa yake. A kula da layin birki da tankin mai. Kada kuma sandar ta yi ƙasa har ta riƙa shafar tudun da ke tsakiyar burtali. In an gama, a gwada ta babu kaya, a gwada ta da kaya, a hau da taya ɗaya kan tudu a duba ko akwai inda ya ɗaure.

Abu guda nake roƙo a ji da kyau: tokari ba ya ƙara wa mota ko kwano ɗaya na abin da za ta iya ɗauka. Majayi yana hana sirdi juyawa, amma bai taɓa ƙara wa doki ƙarfi ba. Irin waɗannan motoci abin da aka yi su su ɗauka bai wuce tan guda da 'yan kai ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun hatsi mai kilo 100, goma ke nan. Wanda ya saba zuwa tasha ranar kasuwa ya san ana wuce haka nesa. Na san dalili. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, sawu biyu ya fi ƙarfin direba da manomi duka, kuma jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA a kan kwalta suke, ba a burtali ba. Amma birkin nan shi ne na jiya, tayoyin su ne na jiya, boris ɗin ma haka. Motar da ta daina tsalle a yashi za ta sa direba ya ji kamar ta ƙara lafiya, ya ƙara buhu uku, kuma a gangara ne, da rayuka a saman kaya, birki zai nuna bai san da wannan gyara ba.

Kafin a kashe ko sisi, akwai abin da direba zai yi da kansa. Ya leƙa ƙarƙashi ya dubi sifirin gaban aksil, ko ya yi doro. Ya saurari ƙarar "ƙwal" lokacin tashi ko sauya giya. Ya duba yubol, in akwai jan tsatsa kamar gari a kewayensu, alamar motsi ce, a ɗaure su ko a sake sababbi. In yana da waya, ya ɗaure ta a jikin shasi tana kallon hancin aksil, ya ɗauki hoton tashi guda a yashi, zai ga komai da idonsa. A cikin yashin kuma ya rage wa tayoyi iska kaɗan, ya mayar in ya hau kwalta. Da ya ji bayan mota ya fara duka, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ja da baya, ya sake shiga a hankali.