Kare da Kaji a Gida Ɗaya

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, kaji dukiyar mata ce da yara. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, ta fito da 'yan tsakinta. Daga cikinsu ake samun kuɗin sabulu da na littafin makaranta, a cikinsu ake kama ta yanka wa baƙo. Kowa ya san masu yi wa wannan dukiya ɓarna tun da can: shaho da shirwa daga sama, muzuru da tunku daga ƙasa. Amma da garuruwa suka faɗaɗa, mutane suka yi gini a bayan gari suna ajiye karen gadi, sai aka samu wani maɓarnacin da ke kwana a cikin gidan kansa.

Yawancin karnukan da ke kashe kaji ba yunwa ce ke sa su ba. Sau da yawa za a tarar da kaza uku ko huɗu a yashe, ba a ci ko ɗaya ba. Kare dangin kyarkeci ne, kuma an halicce shi da bin duk abin da ya gudu a gabansa. Kaza kuwa idan ta firgita sai ta kwasa da gudu tana kaɗa fiffike tana kururuwa, wato tana yin duk abin da ke tayar masa da wannan hali. Daɗin da yake ji a cikin korar yake. Shi ya sa karen da ya ƙoshi, wanda yara ke wasa da shi kullum, zai iya shekara yana kallon kaji, ranar da wata ta gifta a guje ya cafke ta. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana yanka ta.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa duka ba ya magani. Kare yana haɗa hukunci ne da abin da yake yi a daidai wannan lokacin. Idan maigida ya dawo da yamma ya tarar da gawar kaza ya ɗauki sanda, abin da karen zai koya shi ne tsoron dawowar maigida. Haka ma masu rataya masa mushen kazar a wuya har ta ruɓe: azaba ce kawai da janyo ƙudaje da cuta, kuma bai kamata a yi wa dabbar da ke tsare gida ba.

Abin da ya fi komai aiki shi ne raba kare da kaji, ta fuskar wuri da kuma lokaci. Kaji ba sa gani sosai a duhu, da magariba da kansu suke shiga akurki. Karen gadi kuwa da dare ake bukatarsa. Ke nan tsarin ya zo da sauƙi: a rufe akurki kafin a kwance kare, da asuba kuma a ɗaure kare kafin a buɗe akurki. Asubar nan ita ce lokacin haɗari, domin yaron da aka aika yakan saki kaji alhali karen yana yawo a tsakar gida. Ya kamata mutum ɗaya ya riƙe ayyukan biyu.

Sai batun shinge. Danga da zana suna tsare kaza, amma kare yana kutsawa ta cikinsu. Siririyar ragar wayar da ake sayarwa don kaji ma an yi ta ne don hana su fita, babban kare yana iya yaga ta da haƙori. A nemi mai kauri, tsayinta ya kai mita 1.5 ko fiye. Kare gwanin tona ne, don haka a binne gindin wayar kamar santimita 30 a ƙasa, ko a shimfiɗa ta ta waje a danne da duwatsu. Ƙofa kuma ta kasance da sakata. Jingina faifai ko guntun kwano ba rufewa ba ne.

Horo yana taimakawa, musamman ga kwikwiyo. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwarsa ne yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida. A riƙe shi da igiya nesa da kaji. Idan ya zauna shiru a ba shi ɗan abin ci, idan ya zura musu ido ya sandare a ce masa "bari" a janye shi. Kullum a matso kaɗan. Akwai ma karnukan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen irinsu don gadin dabbobi, kamar Maremma na Italiya. A tsibirin Middle Island da ke kusa da garin Warrnambool a Ostireliya, tun 2006 ake sa su gadin wasu ƙananan tsuntsayen teku da ba sa tashi, kuma wani mai kiwon kaji ne ya kawo shawarar, domin da irinsu ya saba tsare nasa kajin. Sai dai karen farauta akasin wannan ne. An raine shi ne don ya kora ya kama, kada a bar shi da kaji ko na minti ɗaya, balle 'yan tsaki.

Idan kare ya riga ya kama kaza, a duba ta da kyau a ƙarƙashin gashi. Ramin haƙori ƙarami ne a ido, amma kare yana girgiza abin da ya kama, kuma hakan na iya karya ƙashi ko fasa jakunkunan iskar da tsuntsu ke numfashi da su. A bakin kare akwai ƙwayoyin cuta irin su Pasteurella da ke saurin kashe kaza. A wanke raunin da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, a keɓe ta a wuri mai ɗumi da duhu, domin 'yan uwanta suna tsagar duk inda suka ga jini, sannan a nemi likitan dabbobi. Wadda ta mutu a bakin kare ba a kai ga yanka ta ba mushe ce, sai a binne ta da zurfi. Wanda kuma karen ya ciza wajen raba shi da kazar, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare ba ta da magani idan alamunta suka bayyana.

Idan karen maƙwabci ne, kada a zuba guba. Guba ba ta zaɓe: za ta kashe kyanwa da angulu da kajin kansu, yaro ma yana iya taɓa ta. A yi wa mai karen magana, in bai ji ba a kai wa mai unguwa. Wanda ya ajiye kare shi ne ke da alhakin ɗaure shi da yi masa allurar rigakafi, kuma idan karen ya kashe kazar wani, shi ya kamata ya biya.