Mota da Hunturu: Shiri Tun Daga Kaka

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a ƙasashen Ɗambatta, Bichi da Kunci, sai motoci su duƙufa wajen jigilar amfanin gona zuwa kasuwar Dawanau. A daidai wannan lokaci ne hunturu yake kunno kai, daga Nuwamba har zuwa Fabrairu.

Kaso mai yawa na hazon da ke lulluɓe sararin Kano yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe tuntuni. Wannan ƙura ta ƙunshi ɓawon wasu mitsitsin halittun ruwa, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na yashi. Idan ta kutsa cikin inji, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ƙarfe kamar magagari. Saboda haka wajibi ne direba ya yawaita kakkaɓe matatar iska, ya kuma yi juye a kan kari.

Sanyin asuba kuwa yana rage kuzarin batir, ya sa mai ya yi kauri, iskar taya ta ragu. Shi ya sa tsohon batir yakan gaza da sassafe. Haka nan ɓeraye, masu bin ɗumi da ƙanshin hatsi, sukan ɓuya cikin inji su gwaguye wayoyi.

Lodin da ya kwana a hanya asarar manomi ne. Rigakafi kuwa ya fi magani.