Me ya sa waƙoƙin da aka kwafo daga faifai suke ƙin tashi a tabilet?

Wani dattijo maƙwabcina a nan Sabo, Ibadan, ya kira ni rannan da yamma, ransa a ɓace. Ɗansa ya saya masa tabilet, shi kuma ya kwashi tsofaffin faya-fayan CD ɗinsa na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ya kai wa mai tura waƙoƙi a zuba masa. Ya biya kuɗi, ya dawo gida, sunayen waƙoƙi ga su reras, amma ko ɗaya ba ta tashi.

Na ce, "Baba, kawo mu gani." Wutsiyar sunan fayil na fara dubawa, wato haruffan nan da ke bayan ɗigo. Duk matsalar a nan take.

Rabin fayilolin .cda ne. Wannan ba waƙa ba ce sam. Idan ka sa faifan CD a kwamfuta mai Windows, za ta nuna Track01.cda, Track02.cda, amma alama ce kawai mai nuna inda waƙar take a jikin faifan. Girmanta bayit 44 ne, ko numfashin mawaƙi ba zai shiga ciki ba. Wanda ya ja su ya zuba a memori, lambar ɗaki ya ba ka, ɗakin yana can. Dole a tatso sautin da manhaja, abin da masu shago ke kira rifin.

Sauran kuwa an tatso su, amma sun fito a .wma. Tsohuwar manhajar Windows Media Player haka take yi idan ba a canza mata saiti ba. WMA tsarin kamfanin Microsoft ne: iPad ba ya karanta shi da kansa, a Android kuma sai an dace, wani ya karɓa wani ya ƙi. Maganinsa da sauƙi. Na sauke masa VLC, kyauta ce, nan take kalangu ya cika ɗaki.

Ni dai shawarata, ka ce a yi maka MP3 tun farko. Tabilet, ƙaramar waya, rediyon mota, sifikar mai shayi, duk suna ɗaukarsa. A kan 128 kbps minti ɗaya na cin kusan megabayit ɗaya. In memorinka na da fili, ka nemi 192 ko 320, sauti ya fi fita. WAV kuwa kusan megabayit 10 yake ci a minti, ka ga waƙar Shata mai tsawo ta cinye wuri. FLAC yana ajiye sautin faifai ba ragi, ya dace da ajiya a kwamfuta. M4A da iTunes ke fitarwa ba ya ba da wahala a iPad ko Android.

Kar wani ya ce maka a goge .wma a rubuta .mp3 ya wadatar. Suna ka canza, cikin yana nan yadda yake. Juya WMA zuwa MP3 da manhaja yana yiwuwa, sai dai sautin na ƙara raguwa, gara a koma kan faifan.

Nan ne Baba ya yi shiru. Ashe faifai uku ya bar wa mai shagon, a zatonsa sun gama amfani. Washegari da sassafe muka hau acaɓa. Biyu muka samu, na ukun an riga an ba wani.