Akwatin Ahmed da Iskar Cikin Kwamfuta

A shekarar 1984 wasu masu bincike uku a cibiyar nazarin jiragen sama ta Jamus, S. R. Ahmed da G. Ramm da G. Faltin, suka ƙera wani abu da babu wanda zai gani ya kira shi mota. Ba taya, ba gilashi, ba madubi, ba ƙofa. Akwati ne kawai, tsawonsa milimita 1,044, faɗinsa 389, tsayinsa 288. An kashe masa kaifin gaba, an kafa shi a kan sirarun ƙafafu huɗu, bayansa kuma an sare shi a karkace kamar yadda mai rake ke fere kan sanda. Suka kai shi zauren iska, wato dogon ɗakin da manyan fankoki ke hura iska a kan abin da ake son gwadawa, suna sauya karkatar bayan suna aunawa.

Abin da ma'aunin ya nuna ya saɓa wa tsammani. Da bayan ya ɗan karkata, zuwa wajen digiri 12.5, turjiyar iska ta yi ƙasa sosai, makinta, wato lambar da ake auna ta da ita, ya zama 0.23. Da aka ci gaba da karkatarwa sai ta kama hawa, har ta kai 0.378 a digiri 30. Ƙari kaɗan a kan haka, sai ta faɗo tim zuwa wajen 0.26, kamar an tsinke igiya. Gaban akwatin bai canza ba, gudun iskar ma haka. Wasu guguwa biyu ne ke murɗowa daga gefunan rufin baya suna tsotsar akwatin ta baya. Da karkatar ta wuce iyaka sai iska ta saki rufin gaba ɗaya, guguwar ta watse.

Fiye da shekara arba'in ke nan, kuma wannan mummunan akwati shi ne malamin farko na duk wanda ke son koyon kwaikwayon iskar mota a kwamfuta, in dai ya yarda ya zauna a gabansa. Da yawa ba sa yarda. Ferrari suke so su fara da ita.

Me ya sa ma ake wahala a kan iska? Don tana da nauyi, kusan kilo 1.2 a kowace mita ɗaya tsaye da kwance da faɗi, kuma mota sai ta ture ta kafin ta wuce. A ɗauki motar gida mai makin turjiya 0.30, wadda faɗin fuskarta ya kai murabba'in mita 2.2. In tana gudun kilomita 100 a awa, iska na danne ta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 31, kuma injin na kashe kimanin kilowat 8.5 a kan wannan kokawar kaɗai. A gudun kilomita 50, abin bai fi kilowat ɗaya da ɗan ɗori ba. Gudu ya ninka sau biyu, turjiya ta ninka sau huɗu, ƙarfin da ake bukata ya ninka sau takwas. Direban da ya ɗaure buhuna da katifa a rufin Golf ya hau titin Kano zuwa Kaduna ya ƙara wa motarsa faɗin fuska, ya kuma ɓata mata siffa, kuma a gidan mai zai biya kuɗin.

Masu ƙera mota sun daɗe da sanin haka, ko da yake ba kullum suke aiki da shi ba. A 1921 Edmund Rumpler ya fito da wata mota mai siffar ɗigon ruwa a Berlin, kasuwa ta ƙi ta. A 1979 kamfanin Volkswagen ya ɗauko guda daga cikin waɗanda suka rage ya sa a zauren iskarsa, ma'auni ya nuna 0.28. Bitil ɗin kamfanin kuwa tana wajen 0.48, kuma da Audi 100 ta kai 0.30 a 1982 sai da aka yi ta tallar abin. Mercedes EQS ta 2021 ta sauko zuwa 0.20.

Matsalar ita ce zauren iska na manya ne. Gina shi sai kamfani ko gwamnati, hayarsa ta yini ɗaya ma ba ta ɗalibi ba ce. Manhajojin kasuwa da ke yin wannan lissafi a kwamfuta su ma lasisinsu na da tsadar gaske. A nan manhajar OpenFOAM ta shigo. Henry Weller ya fara rubuta ta a Kwalejin Imperial da ke Landan a ƙarshen shekarun 1980, aka sake ta ga kowa a Disambar 2004: a sauke kyauta, a buɗe cikinta a karanta, a gyara in an iya. Tare da ita ake amfani da FreeCAD ko Blender wajen zana siffar mota, da ParaView wajen kallon sakamako. Duka babu wadda ake biyan ko kwabo.

Sai dai kyautar tana da ƙaya. Wanda ya saba da danna maɓalli zai buɗe OpenFOAM ya tarar babu maɓallin. Baƙin allo ne na Linux (mai Windows yakan girka Ubuntu a cikinta), da jakunkuna uku masu suna 0 da constant da system, kowace cike da fayilolin rubutu. A cikinsu ake faɗa wa kwamfuta gudun iska, da inda take shiga, da inda take fita, da abin da bango yake yi mata. A manta alamar rubutu guda, aiki ya tsaya. Ga shi kuma manhajar ta rabu gida biyu, kowane da gidan intanet ɗinsa da lambobin fitowarsa, har ɗaya ya sauya sunayen wasu umarni a 2023. Sabon shiga da ya girka na wannan gida yana bin darasin wancan zai kwana yana zargin kansa a banza.

Abin da ke gudana a ciki ba sihiri ba ne. Ana zana ƙaton ɗaki na ƙarya a sa motar a tsakiya, sannan a yanyanka iskar ɗakin zuwa ƙananan gidaje, dubbai ko miliyoyi, kamar saƙar zuma. Wannan ita ce raga, kuma wani kayan aikin OpenFOAM mai suna snappyHexMesh ke saƙa ta. A kowane gida kwamfuta na tambayar abu biyu: nawa ne matsin iska a nan, kuma ina ta nufa da wane gudu? Amsar kowane gida ta dogara da ta maƙwabtansa, don haka sai an yi ta zagayawa, sau ɗaruruwa ko dubbai, har lambobin su daina motsi. Ƙa'idojin da ake bi na Navier da Stokes ne, Bafaranshe da ɗan Ailan, na 1822 da 1845. Har yau masana lissafi ba su gama fahimtar su ba. Tun 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware babbar tambayar da ke kansu.

Darasin da masu koyon iskar abin hawa da yawa ke farawa da shi yana cikin manhajar, sunansa motorBike: babur da mahayinsa, iska na dukan su a gudun mita 20 a daƙiƙa, kilomita 72 a awa ke nan. Umarni ɗaya ake bugawa, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta kuka, can sai ga hoto ja da shuɗi da kore, layukan iska na lanƙwasawa a kafaɗar mahayi. Hoton na da kyau ƙwarai. A nan ne haɗarin yake.

Domin kwamfuta ba ta jin kunyar ba da amsar banza, kuma launin amsar banza bai bambanta da na gaskiya ba. Injiniyoyi ma kan yi wa sana'ar ba'a, su ce zanen launi ce don burge manyan ofis. Fayil ɗin STL da ake ajiye siffar mota a ciki ba ya ɗauke da ma'auni, OpenFOAM kuwa da mita take karanta komai. Wanda ya zana motarsa da milimita ya manta bai rage ba, to ya gwada mota mai tsawon kilomita huɗu da rabi, kuma zai samu hotonsa tsaf. Wanda ya sauko da siffar mota daga wasan bidiyo zai tarar jikinta duk huji ne da ido ba ya gani, raga ta kutsa ciki ta cika kujeru. Wani zai bar titi a tsaye cik, alhali a idon mota titi gudu yake yi baya, tayoyi kuma juyawa suke. Wani zai matse motar a ƙaramin ɗaki, iska ta rasa hanyar kaucewa, turjiya ta kumbura. Akwai kuma siririn rufin iska da ke manne da jikin mota, wanda a cikinsa ake yanke hukuncin inda iska za ta saki. In gidajen wurin sun yi kauri, komai na bayansa ya karkace.

Ga masu aiki inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, akwai layi biyu a fayil ɗin controlDict da suka fi komai daraja: wanda ke sa a riƙa ajiye sakamako a kai a kai, da wanda ke sa a ci gaba daga inda aka tsaya.

Darajar akwatin Ahmed ita ce an san amsarsa. Zana shi a FreeCAD aikin yamma ɗaya ne, kuma tun da gefensa biyu iri ɗaya ne, ana iya raba shi a lissafa rabi. Mai koyo ya sa karkatar digiri 35, ya gudanar, ya duba ko ya kusanci 0.26. Ya ninka yawan gidajen ragar ya sake. In makin ya yi tsalle, to ragar ce ke magana, ba iskar ba. Sai ya koma digiri 25, inda ake cin kwakwa. A wannan kusurwa iska na sakin rufin baya sannan ta sake kama shi, kamar yadda awon da aka yi da hasken leza a Jami'ar Erlangen ya nuna. Hanyoyin lissafi masu sauƙin kuɗi, irin k-omega SST da Florian Menter ya wallafa a 1994, ba sa bin kowace ƙaramar guguwa, matsakaicinta suke ƙiyastawa, kuma a nan sukan nuna iskar ta saki ba ta dawo ba. Ba laifin mai koyo ba ne, masu digirin digirgir ma sun sha tuntuɓe a wurin. Amma wanda ya ga haka da idonsa a kan akwati marar taya ba zai ƙara karɓar 0.273 na motarsa hannu biyu ba.

Manya ma sun taɓa yarda da allo fiye da kima. A 2010 ƙungiyar Virgin Racing ta shiga gasar Formula 1 da motar da Nick Wirth ya tsara a kwamfuta zalla, ba ta taɓa leƙa zauren iska ba. Ta gama shekarar a ƙarshen jeri ba maki ko ɗaya, kuma a tsakiyar 2011 aka raba gari da shi. Adalci shi ne a ce ƙungiyar sabuwa ce, kuɗinta kaɗan, sauran sababbin shiga na shekarar ma ba su ci maki ba. Duk da haka manyan ƙungiyoyin gasar ba su rufe zaurukan iskarsu ba. Suna haɗa biyun, ɗaya na bin diddigin ɗaya.

Wanda ya gama da akwati yana da mataki na gaba. A 2012 Jami'ar Fasaha ta Munich, tare da Audi da BMW, ta fitar da DrivAer, siffar mota da aka haɗa daga Audi A4 da BMW 3 Series, da madubai da tayoyi da ƙasan ciki da baya iri uku, ga kuma awon zauren iska na gwadawa. Tana cin gidaje miliyoyi masu yawa, ƙaramar kwamfuta za ta sha wuya. A wannan matakin abin da ya fi amfani shi ne kwatanci: raga ɗaya, saiti ɗaya, a canza abu guda tak, a cire madubi ko a ɗora kaya a rufi, a ga ina makin ya nufa.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar Linux, wanda injiniyoyin jiragen sama suka daɗe suna yi. A yanka zaren ulu guntu-guntu, kamar tsawon yatsa, a manna su jere da salatif a rufi da gilashin baya, a samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, wani ya tuƙa, wani a motar baya ya ɗauki bidiyo da waya. Inda zaren ya kwanta ya miƙe, iska na riƙe da jikin motar. Inda ya tashi yana rawa, wani har yana nuna gaba, ta saki. Sai a dawo gida a buɗe ParaView, a ajiye wayar kusa da allo, a nemi layin da rawar ta fara.